Tabon da Ke Cikin Hantata

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma a unguwar Aboabo da ke Kumasi aka haife ni. Kakanmu ya zo ne daga ƙasar Hausa da fataucin goro, ya zauna a zango, daga baya ya koma fawa, mu kuma muka tashi muka tarar da wuƙa da gatari a gidanmu. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari shi ne wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan'uwana mazauna zango, maza da mata, duk lokacin da aka ambaci ciwon hanta: "Ai na yi sikanin, an ce ba komai." Ni ma an taɓa yi mini sikanin, wato hoton ciki, aka gaya mini haka, kuma wanda ya gaya mini bai yi ƙarya ba, domin abin da na'urarsa ta nuna masa shi ya faɗa. Amma a daidai wannan lokacin tabo yana nan yana ginuwa a cikin hantata, kuma sai da aka yi mini wani awo na daban kafin a gano shi.

Abin ya faro ne daga yayana, wanda muke ciki ɗaya, shi ne kuma ya koya mini riƙon wuƙa bayan rasuwar mahaifinmu. Ƙaƙƙarfan mutum ne wanda yakan saɓa cinyar sa a kafaɗa ya ratsa kasuwa da ita bai tsaya hutawa ba, bai taɓa kusantar giya ba, ko taba ba ya sha. Yana cikin shekarunsa na arba'in da wani abu sai ya fara ramewa, abinci ya fita ransa, ƙafafunsa suka riƙa kumbura da yamma, daga baya ciki ya tashi har riga ta daina rufe shi, idanunsa kuma suka yi rawaya. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce sammu aka yi masa saboda kasuwa ta buɗe masa, kowa kuma da irin maganin da zai kawo. An sha saiwoyi, an sha jiƙe-jiƙe, an sayi kwalaben da masu talla suke yawo da su a tashoshin mota suna cewa suna wanke hanta tas. Ba na ganin laifin waɗanda suka kawo magani saboda ƙauna, amma masu sayar da kwalaben nan da alkawarin warkarwa ina da magana a kansu har gobe, domin watannin da suka cinye mana ba su dawo ba. Daren da ya yi aman jini ne muka ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari suke kira Gee.

Bayan an tsayar da jinin an ƙara masa wani, sai aka tura shi ɗakin hoton ciki, aka kuma bar ni na shiga don in tallafe shi. Likita ya shafa masa wani mai mai sanyi a ciki, ya ɗora kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sai hoto baƙi da fari ya bayyana a allo. Na'urar tana aika sauti ne wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi kayan ciki ya dawo, ita kuma ta mayar da shi hoto, babu yanka, babu zafi. Da likitan ya ga na zuba ido, sai ya fara nuna mini da yatsa. Baƙin filin da ya kewaye komai, ya ce, ruwa ne da ya taru a ciki. Ga hanta nan ta tsuke ta ƙanƙance, bakinta ya yi gudaji-gudaji maimakon ya miƙe sumul. Da ya koma ɓangaren hagu sai ga saifa ta kumbura ta wuce iyakarta. Ya auna faɗin babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta, ya ce ta buɗe fiye da kima, domin a jikin lafiyayyen mutum ba ta cika wuce milimita 13 ba.

Ban yi karatun likita ba, amma hanta ba baƙuwata ba ce. A kwatar Kaase na riƙe hantar shanu da ba zan iya ƙidayawa ba, kuma tun ina yaro aka koya mini bambance mai kyau da marar kyau da hannu kafin ido. Hantar lafiyayyar saniya sumul take, tana sheƙi, bakinta siriri ne, idan ka danna ta da babban yatsa sai ya nutse, wuƙa kuma ta wuce ba tare da ka ji komai ba. Wadda tsutsa ta daɗe a cikinta kuwa, za ka ga fararen hanyoyi masu kauri sun ratsa ta, yatsa ba ya shiga, wuƙa tana ƙara idan ta bi ta wurin, likitan dabbobi kuma da ya tsaga ta sai ya ware ta gefe ya hana sayarwa. Abin da kowane mahauci ya sani shi ne, sau da yawa saniyar da ke da irin wannan hanta da ƙafarta ta shigo kwata, tana cin ciyawa, ba wanda zai ce tana da wani ciwo. Ina tsaye a wannan ɗaki, ina riƙe da kafaɗar yayana, na gane cewa hantarsa ta yi tauri ne tun shekaru da dama da suka wuce, lokacin da yake saɓa cinyar sa yana ratsa kasuwa.

Likitan da ke kula da shi ya zaunar da ni ya ce cutar hanta nau'in B ce ke damun yayana, ya yi mini bayanin yadda abin yake faruwa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana shiga ta zauna a cikin naman hanta, garkuwar jiki kuma tana ta kai mata hari, a cikin wannan faɗan ne naman hantar yake jin rauni. Duk inda ya ji rauni ya warke sai ya bar ɗan zare mai tauri, wato tabo. Idan aka shekara ashirin ko talatin ana haka, zaruruwan sai su haɗu su yi kauri, su rarraba hantar gida-gida, har jinin da ke zuwa daga hanji ya kasa ratsawa yadda ya kamata. Jinin da ya rasa hanya shi ne yake komawa baya ya kumbura saifa, ya cika ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan maƙogwaro har su fashe mutum ya yi aman jini, shi ne kuma yake sa ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin ciki. Naman hanta ba ya jin zafi, kuma ko da wani sashe nata ya lalace, sauran yana ci gaba da aiki, shi ya sa mutum ba ya jin komai sai abu ya yi nisa. Bayan 'yan makonni Allah ya karɓi ran yayana. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ma'aikatan asibitin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma kafin mu tafi likitan ya riƙe hannuna ya ce duk waɗanda suka fito ciki ɗaya da mamacin su je a gwada jininsu.

Mun je. Ni da ƙanena aka same mu da cutar, ƙanwarmu ba ta da ita, mahaifiyarmu kuma, wadda ta tsufa ba ta taɓa kwanciya asibiti ba, ita ma aka ce tana ɗauke da ita. Ranar da na koma gida da takardun, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe ni ce na ba ku wannan abin?" Na ce, "Inna, ke ma ba ki san kina da shi ba, kuma a zamanin da kika haife mu babu allurar da za a yi mana." Gaskiya na gaya mata, domin sai a shekarar 2002 Ghana ta saka rigakafin wannan cuta cikin alluran da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14. Likita ya ce mana a ƙasashenmu yawanci ana kamuwa ne ko dai wajen haihuwa ko a ƙuruciya, ta hanyar jini, kamar askar wanzami da aka yi wa yara da yawa aski ko tsaga da ita. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma, alhali babban da ya kamu yawanci jikinsa yana kore ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita a duniya, a nan Ghana kuma binciken da aka yi ya nuna kusan mutum ɗaya ne cikin goma. Idan mutum ya tsaya a ƙofar babban masallacin Kumasi ranar Juma'a ya dubi jama'ar da ke fitowa, ya san abin da wannan lissafi yake nufi.

Tsoron da ya fara kama ni na sana'a ne. A garin nan mutane da yawa sun ɗauka ana ɗaukar cutar ta gumi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, na kuma san idan labari ya bazu cewa mahauci yana da ciwon hanta, teburinsa zai bushe. Likita ya tabbatar mini cewa ba a ɗaukarta ta abinci ko musafaha ko zama wuri ɗaya, ya ce abin da ke kaina shi ne in rufe duk wani yanka da wuƙa ta yi mini da kyau, kada kuma in yi tarayyar reza ko buroshin haƙori da kowa. An gwada matata ba ta da ita, aka yi mata allurar rigakafi. 'Ya'yanmu duk bayan 2002 aka haife su, kuma gwaji ya nuna lafiyarsu ƙalau.

Sai aka yi mini hoton ciki irin wanda aka yi wa yayana. Na kwanta gabana yana faɗuwa, ina jiran in ga baƙin filin nan na ruwa. Babu shi. Hanta ta fito da girmanta, bakinta a miƙe, saifa a wurinta, aka rubuta a takarda cewa ba a ga wani abu ba. Gwajin jinin da ke nuna ko hanta tana cikin kumburi, wanda suke kira ALT, yakan ɗan hau ya sauka. Gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, mai tsadar gaske, ya nuna tana nan amma ba ta kai adadin da ƙa'idar wancan lokaci ta ce a fara magani ba, domin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta fi mayar da hankali ne ga waɗanda hantarsu ta riga ta ƙangare, ko waɗanda adadin ƙwayar ya haura 20,000 tare da kumburin da ya ƙi sauka. Aka ce in riƙa zuwa ana dubawa, na kuma riƙa zuwa. Shekaru suka wuce a haka, kowane hoto yana fitowa kamar na baya.

A watan Maris na 2024 Hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida wadda ta sauko da ma'aunin fara magani. Da na je ganin likita a cikin wannan shekara, sai na ga ya ɗauki takardar gwajin jinina ya yi wani ɗan lissafi da lambobi biyu: ɗaya ta wani sinadarin hanta mai suna AST, ɗayar kuma ta ƙwayoyin jinin da ke sa jini ya daskare idan an ji ciwo. Ya ce sunan lissafin APRI, kuma hikimarsa ita ce idan hanta ta fara tauri, waɗannan ƙwayoyin jini sukan ragu, musamman saboda saifa tana riƙe su. Sabuwar ƙa'ida ta ce idan sakamakon ya wuce 0.5 akwai alamar tabo mai yawa, nawa kuma ya wuce. Ya ce wannan kaɗai ya isa a fara mini magani, amma yana so ya san iyakar inda tabon ya kai, saboda haka ya rubuta mini takarda zuwa wani wuri da ke da na'urar awon taurin hanta, wadda ake kira FibroScan.

Wani kamfanin Faransa mai suna Echosens ne ya ƙera ta, kuma tun wajen 2003 ake amfani da ita. Kafin zuwanta, hanyar da aka dogara da ita wajen sanin yawan tabo ita ce a soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari a tsinko ɗan naman hanta a duba shi a ƙarƙashin madubin likita. Wannan hanya tana nan har yanzu kuma tana da amfaninta, sai dai tana da haɗarin zubar jini, ga shi kuma abin da allurar take tsinkowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba, ta yiwu a dace da wuri mai tabo, ta yiwu a kuskure shi. Da irin wannan dubawar ce likitoci suka kasa tabo mataki-mataki, daga F0 inda babu komai zuwa F4 inda hanta ta ƙangare gaba ɗaya, wato irin ta yayana.

An ce kada in ci komai na tsawon awa uku kafin awon, domin abinci yana ƙara kwararar jini zuwa hanta har lambar ta hau ba gaira ba dalili. Na kwanta rigingine, aka ce in ɗaga hannun dama in sa shi a bayan kai don haƙarƙari su buɗe. Mai awon ya lalubi tsakanin haƙarƙari biyu da yatsa, ya shafa mai, ya kafa kan na'urar a wurin ya danna. Sai na ji ɗan bugu a fata, marar zafi, wanda ya shige ciki ya ɓace. Ya sake dannawa, na sake ji. Babu hoton hanta a allon irin wanda na saba gani, sai wani ɗan zane mai karkataccen layi, da lambobi da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar awon ita ce a sami bugu goma masu kyau a ɗauki lambar da ke tsakiya, kuma duka aikin bai kai minti goma ba. Yadda aka bayyana mini, kowane bugu yana tura wata 'yar girgiza cikin naman hanta, na'urar kuma tana bin ta da sauti tana auna saurin tafiyarta. A nama mai laushi girgizar tana tafiya a hankali, a nama mai tauri tana gudu. Daga saurin ne ake fitar da lambar tauri, a ma'aunin da ake kira kilofaskal, wanda yake kaiwa har 75. Yankin da take aunawa ya ninka abin da allura take tsinkowa kusan sau ɗari. Akwai kuma lamba ta biyu da ke nuna yawan kitsen da ke cikin hanta, tawa ba ta nuna wani abin damuwa ba.

Hantar lafiyayyen mutum tana wajen 5. Ga mai cutar hanta nau'in B, sabuwar ƙa'ida ta ce sama da 7 tabo ne mai yawa, sama da 12.5 kuma alama ce ta ƙangarewa. Tawa ta nuna 10.6.

Likitan yana magana da Turanci da Tuwi, ni kuma ko da yake ina jin Tuwi sosai, a wannan rana kaina ya ɗaure. Allah ya sa akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar zango, daga Asawase, ita ce ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Lambar nan ba ta ce hantarka ta lalace ba. Cewa ta yi tabo ya yi nisa, amma bai kai inda ake jin tsoro ba, kuma an gan shi a lokacin da magani zai yi aiki." Na ce, "'Yata, to duk hotunan nan da aka yi ta yi mini ana cewa ba komai, ina suka bar wannan?" Ta mayar wa likita tambayar, ta dawo mini da amsarsa. Hoton ciki na yau da kullum siffa yake gani: girma, da baki, da ruwa, da ƙari idan akwai. Tabo kuwa yana daɗewa yana taruwa a cikin nama kafin ya canja siffar hanta, saboda haka hanta tana iya kaiwa mataki na biyu ko na uku hotonta yana fitowa lafiya. Duk lokacin da hoton ya nuna gudaji da ruwa, to abu ya riga ya kai ƙarshe. Wannan bayani shi ne abin da na fi so duk mai karanta labarin nan ya riƙe, domin tsakanin lokacin da tabo ya fara da lokacin da hoto zai nuna shi akwai shekaru masu yawa, kuma a cikin waɗannan shekaru ne magani ya fi amfani.

Likitan bai ɓoye mini cewa ita ma wannan na'ura tana da iyakarta ba. Idan hanta tana cikin kumburi mai tsanani lambar takan hau fiye da ainihin tabon, haka nan idan mutum yana da ciwon zuciyar da ke sa jini ya taru a hanta. Ga mai ƙiba sosai awon yakan yi wuya, ga wanda ruwa ya riga ya taru a cikinsa kuma girgizar ba ta ratsawa. Shi ya sa ba a karanta lambar ita kaɗai, sai an haɗa ta da gwajin jini da hoton ciki da kuma abin da likita ya gani a jikin mutum.

Kafin a fara mini magani an gwada ƙodata, an kuma yi mini gwajin ƙanjamau, domin maganin yana taɓa ƙwayar wannan cutar ita ma, kuma dole a san matsayin mutum tukuna. Sannan aka ɗora ni a kan tenofobir, ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 kowace rana. Ba ya kashe cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi har ta daina hayayyafa, faɗan da ke cikin hanta ya lafa, ita kuma ta sami sararin gyara kanta. An gargaɗe ni da babbar murya kada in daina sha da kaina, domin idan aka tsaya kwatsam cutar tana iya tasowa da ƙarfin da zai kayar da hanta. Da azumi ya zo na tambayi likita, ya duba yanayina ya ce zan iya yi, in mayar da shan ƙwayar bayan buɗa-baki. Kuɗin magani da na gwaje-gwaje daga aljihuna suke fita, kuma akwai watannin da kasuwa takan yi sanyi. A irin wannan wata ne matata, wadda take sayar da koko da ƙosai da safe, ta ajiye mini kuɗi a kan tabarma ta ce, "Maigida, na magani ne, kada ka taɓa su da wani abu." Ba zan manta mata wannan ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa tabo idan ya zauna ya zauna ke nan. Likita ya gaya mini cewa a hanta ba haka abin yake ba koyaushe. Akwai wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2013, inda aka bi masu shan wannan magani har shekara biyar ana tsinko naman hantarsu ana dubawa, aka tarar cewa cikin waɗanda hantarsu ta riga ta ƙangare tun farko, kusan uku cikin huɗu sun sauko daga wannan mataki. Bayan na haura shekara ina shan magani aka sake gwada yawan ƙwayar cutar, na'ura ba ta iya ganinta a jinina ba. Aka sake awon tauri, lambar ta sauko zuwa 7.9. Na yi hamdala, amma likitan ya ja hankalina cewa wani kaso na wannan sauka lafawar kumburi ce, narkewar tabo kuwa a hankali take zuwa cikin shekaru, saboda haka kada in ɗauki lambar a matsayin sallama.

Kada wani ya fahimci cewa ina rage darajar hoton ciki na yau da kullum. Har yanzu duk wata shida ina kwanciya a yi mini shi, tare da wani gwajin jini mai suna AFP, domin aikinsa daban ne: neman ƙari tun yana ƙarami. Cutar hanta nau'in B tana iya haifar da dajin hanta ko da hantar ba ta ƙangare ba, magani yana rage haɗarin amma ba ya kawar da shi, kuma a Afirka ta Yamma wannan daji yana kama mutane da ƙuruciyarsu, sau da yawa kafin su kai shekara 50. Idan aka hango wani abu, sai a tura mutum hoton CT ko MRI, a yi masa allurar ruwan da ke haska jijiyoyi don a tantance ko mene ne. Akwai ma irin tabon da hoton yau da kullum ya fi iya gani. Wani yaron shagona da ya tashi a Yeji, a bakin tafkin Bolta, yana wanka da kamun kifi tun yana ƙarami, an yi masa hoto aka ga fararen zobba masu kauri sun kewaye jijiyoyin cikin hantarsa. Wannan aikin tsutsar tsargiya ce, nau'in da ke zama a jijiyoyin hanji, wadda ƙwayayenta suke maƙalewa a hanta, kuma tsarin da ake bi wajen auna irin wannan tabo da hoto a birnin Yamai na Nijar masana suka tsara shi a 1996. An ba shi maganin tsutsar, yana nan yana aikinsa.

Wani abin da ya canja a gidana da teburina shi ne gyaɗa da masara. Idan aka adana su da danshi suna yin fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira aflatoksin, wadda idan ta haɗu da cutar hanta nau'in B take ninka haɗarin daji. Mu kuwa rayuwarmu a zango ba ta rabuwa da su, daga koko da tuwo har ƙuli-ƙulin da muke daka yajin tsire da shi. Yanzu matata tana baza gyaɗa a faranti ta tsince duk wadda ta yanƙwane ko ta canja launi ta zubar, ni ma na daina sayen ƙuli-ƙulin da ban san inda aka yi shi ba. Duk wani jiƙo ko maganin kwalba kuma na bar shi, ko maganin ciwon jiki ba na sha sai na tambaya.

Ƙanena ya fi ni jinkirin zuwa awon tauri, domin direba ne mai dogon zango, yau yana Tamale gobe yana Bawku, kuma shi ma hotonsa na baya bai nuna komai ba. Da na matsa masa ya ce, "Yaya, ni fa ba na jin ciwon komai." Na ce masa marigayi ma bai ji ba sai a shekararsa ta ƙarshe. Da ya je, lambarsa ta haura 14. Aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki aka duba ƙasan maƙogwaronsa, aka tarar jijiyoyin sun fara kumbura amma ba su fashe ba. Yanzu yana shan tenofobir tare da wani maganin da ke rage matsin jini a waɗannan jijiyoyi, yana kuma tsara tafiye-tafiyensa yadda ba zai rasa ranar asibiti ba.

Daga baya na daina ɓoye abin da ke damuna. Na sami shugabannin mahautanmu na ba su labarin tun daga rasuwar yayana, na nuna musu takardun awo biyu, na roƙi a yi wa 'yan'uwa magana su je gwajin jini, wanda ba shi da tsada kuma ba ya ɗaukar lokaci, domin mu masu aiki da wuƙa kullum hannunmu ba ya rabuwa da yanka. Wasu sun ja baya da ni na ɗan lokaci, wasu kuma sun je. An sami masu ɗauke da cutar a cikinsu, waɗanda ba su da ita aka fara yi musu allurar rigakafi. Biyu daga cikin waɗanda aka samu suna jiran ranar da za a auna taurin hantarsu, kuma na yi musu alkawarin zan raka su in yi musu tafinta, domin ɗayansu dattijo ne da ba ya jin Turanci ko Tuwi sosai.